Maganar Ofis Ta Biyo Mu Har Gida



Bari in karanto muku wata jimla da na harhaɗa daga irin kalaman da kunnenmu ke sha kullum a labarai da wuraren taro. Ga ta: mahukunta sun jaddada ƙudurinsu na haɗa hannu da masu ruwa da tsaki domin samar da kyakkyawan yanayi da zai bunƙasa ci gaba mai ɗorewa, tare da shawo kan ƙalubalen da ake fuskanta.

To, mai sauraro, don Allah me ka fahimta? Rijiya za a haƙa, ko asibiti za a gyara, ko taki za a raba? Jimlar nan ko kalmar Turanci ɗaya babu a cikinta, duk Hausa ce, amma za ka iya liƙa ta a bikin buɗe makaranta, ka ɗauke ta ka kai taron masu kiwon kaji, gobe ka karanta ta a taron 'yan fansho, ko'ina ta zauna daram. Maganar da ta dace da kowane waje kuwa ba ta ɗauke da saƙon kowa. Wannan shi ne abin da ke damuna, kuma na san yana damun da yawa daga cikinku, ko da ba ku taɓa zama kun sa masa suna ba.

Irin wannan magana tana da mahaifa. Yawancinta ta taso ne daga ofisoshin manyan kamfanonin Amurka da Ingila da makarantunsu na koyon harkar kasuwanci, daga nan ta shiga takardun Bankin Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin ba da agaji, sannan ta sauka a ma'aikatunmu. A can inda ta fito, wasu kalmomin sun fara ne da ma'ana mai nauyi. Abin da muke fassarawa da masu ruwa da tsaki, wani malamin jami'a Ba'amurke mai suna Edward Freeman ne ya yayata shi a wani littafi da ya fitar a 1984. Hujjarsa ita ce, kamfani ba masu hannun jari kaɗai ke da haƙƙi a kansa ba. Ma'aikatansa da masu sayen kayansa da mutanen garin da ya kafu a cikinsa, duk suna da ta cewa. Shi ma ci gaba mai ɗorewa ya yi suna ne bayan rahoton da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 1987 ƙarƙashin jagorancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway, kuma abin da ake nufi shi ne kada mutanen yau su cinye rabon jikokinsu na daji da ruwa da ƙasar noma. A 2015 aka tsara muradu 17 a kan wannan, aka sa musu wa'adin 2030. Duk waɗannan maganganu ne na hankali. Amma kafin su iso bakin mai jawabi a zauren taro a Kano ko Sakkwato ko Bauci, an tsotse su. Masu ruwa da tsaki sun koma waɗanda aka aika wa katin gayyata. Manomin da za a bi ta gonarsa da hanya, wanda ya fi kowa ruwa da tsaki a maganar, sau da yawa a rediyo yake jin an yi taron.

Su kansu masu harshen sun daɗe da gajiya. A 1979 wata mata 'yar Ingila, Chrissie Maher, ta je dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan ta yayyaga takardun cikewa na gwamnati a bainar jama'a, saboda talaka ba ya gane abin da aka rubuta a cikinsu, ta kuma kafa ƙungiyar fafutukar rubuta Turanci mai sauƙi da har yanzu take aiki. A 2009 ƙungiyar ƙananan hukumomin Ingila ta fitar da jerin kalmomi 200 da ta roƙi ma'aikata su daina amfani da su idan suna magana da jama'a. A 2010 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayyar Amurka su riƙa rubuta wa mutane takardu da harshen da za su gane. Masu abin suna neman hanyar rabuwa da shi, mu kuma muna kwasa muna yi masa fassara.

Kada a ce ina yaƙi da aron kalma. Hausa ba ta taɓa jin tsoron aro ba. Alƙalami da littafi da alƙali daga Larabci suka zo, mota da tebur da asibiti daga Turanci, kuma kowacce ta zo ne riƙe da abin da ake iya nunawa da yatsa. Haka nan kowace sana'a tana da harshenta. Ka shiga Dawanau ko Kantin Kwari ka ji yadda ake magana. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a sake ja, har ya ce na sallama. Da zarar wannan kalma ta fita daga bakinsa, ciniki ya faɗa, kuma idan ya janye, kasuwa duka ta san ya ci amana. Kafin alƙalami kowa ya san mene ne. La'adar dillali an san ta. Sari daban, kiri daban, jinga daban da aikin yini, jingina daban da sayarwa. Baƙo zai iya tsayawa bai gane ba, amma kowace kalma a nan tana ɗaure mai faɗinta. Maganar ofis ta zamani kuwa kwance mai faɗinta take yi, ta bar shi ya yi magana ta minti goma ba tare da ya ɗauki alkawarin da za a riƙe shi da shi ba.

Ku lura da kalmar ƙalubale. A da, idan abu ya lalace, cewa muke an samu matsala, ko an yi sakaci, ko wane ya gaza, ko an ci kuɗin. Kowacce daga cikin waɗannan tana sa mai ji ya tambaya: wa ya yi? Yanzu duk an tattara su an zuba cikin ƙalubale. Malamai sun yi wata uku ba albashi, sai a ce ana fuskantar ƙalubale a ɓangaren biyan haƙƙoƙi. Asibiti babu magani babu wuta, ƙalubale ne a fannin kiwon lafiya. An shiga ƙauye da dare an kashe magidanta an kora shanu an tafi da mata, da safe sai ka ji ana batun ƙalubalen tsaro da yankin ke fuskanta. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini rai. Matar da aka kashe wa miji tana zaune kusa da rediyo tana jin an mayar da abin da ya same ta wata kalma mai santsi da ba ta da gawa, ba ta da mai laifi, ba ta da wanda za a tuhuma don ya bar garin babu tsaro. Ƙalubale abu ne da ake cewa ya taso, kamar hadari. Ba a cewa wane ne ya jawo shi. Shi ya sa ta yi wa masu mulki da shugabannin kamfanoni daɗin baki.

Haka ake yi da kuɗi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma sunan da aka sa wa abin shi ne daidaita farashi. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar lantarki ga rukunin da ake kira Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, bisa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, sai kuma aka shiga maganar tallafin rage raɗaɗi. Ba na nan don in yanke hukunci a kan waɗannan matakai. Kowanne yana da masu kare shi da hujjojinsu, kuma wannan zancen wata rana ne. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai biya ya cancanci a faɗa masa da sunan abin. A kunnen Bahaushe, daidaitawa tana nufin gyara abin da ya karkace, har yana iya sa ran sauƙi. Ƙari kuwa ƙari ne. Manyanmu da suka ga 1986 sun san wannan darasi, lokacin da aka kawo shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tsada, aka riƙa sallamar ma'aikata ana kiran abin sake fasali.

Yanzu mu sauka daga manyan maganganu mu shiga banki, inda na ga abin da idona. Wani dattijo ne, da alama daga ƙauye ya shigo, babbar riga da ta sha wanki, ƙaramar waya mai madannai a hannu, da 'yar takardar da mai POS ya yaga masa, ya naɗe ta cikin leda don kada gumi ya goge rubutun. An cire masa kuɗi daga asusu, mai POS bai ba shi ko sisi ba. Ya bi layi har ya iso gaban wani saurayi mai ɗaure da laƙataye, Bahaushe ɗan'uwansa. Saurayin bai ɗaga murya ba, bai yi rashin kunya ba. Cewa ya yi, Baba, netwok ne ya samu ishu, an yi dibit amma tiransakshan ɗin bai yi sakses ba, za mu yi login ɗin komplen mu yi eskaletin zuwa hed ofis, sai ka jira ribasal cikin wokin des. Dattijon ya dube shi, ya dubi takardarsa, ya ce, yaro, kuɗin nawa suna nan ko sun tafi? Abin da ya zo ji ke nan, kuma amsar ba ta fi numfashi ɗaya ba: Baba, kuɗinka ba su ɓata ba, sun maƙale ne a hanya, za mu nemo su, ka dawo ranar Alhamis, ga lambar ƙorafinka. Tun a 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'ida cewa kuɗin da suka maƙale a na'urar cire kuɗi ta bankin mutum a mayar su cikin awa 24, na na'urar wani banki cikin awa 48, na POS kuma cikin awa 72. Dattijon yana da wannan haƙƙi, amma ya fita bai san da shi ba, ya biya kuɗin mota ya koma gida da zullumi. Ban ɗora wa saurayin laifin duka ba. Haka aka horar da shi, haka ya ji na gaba da shi suna yi, kuma a wurin aikinsa wanda ya fi iya jera irin waɗannan kalmomi shi ake ɗauka ya san aiki.

Wurin da aka fi ƙyanƙyasar wannan harshe shi ne taron ƙara wa juna sani. Duk wanda ya taɓa halarta ya san tsarin: zauren otal, ƙyalle mai tambura rataye a bango, jaka da biro da ɗan littafin rubutu, hutun shan shayi, takardar sa hannu ta kuɗin mota. A wuni ana wayar da kai, ana gina ƙwarewa, ana ƙarfafa mata da matasa, a tashi da takardar bayan taro da ke kira ga masu ruwa da tsaki. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san irinsa, sai dai nasu da Faransanci yake zuwa, ana ateliye ana furoje. Akwai tarukan da suka yi amfani, ban musa ba. Ungozoma da yawa da ma'aikatan rigakafi a irinsu suka koyi abin da ya ceci rai. Amma a yawancinsu maganar kamar kunun da aka tsinka da ruwa ce, kwano ya cika, ciki bai san an sha ba. Ka tambayi wanda ya dawo me aka ce, sai ya maimaita maka kalmomin, domin babu abin da ke ƙarƙashinsu da zai iya faɗa da nasa bakin. Emfawamen da ake ta faɗa, idan ka bi diddigi, sau da yawa keken ɗinki ne ko injin markaɗe ko 'yan dubbai a ambulan. To a ce an raba keken ɗinki guda kaza ga mata kaza a unguwa kaza. Idan aka faɗa haka, mutanen unguwar za su iya ƙirgawa su ce gaskiya ne ko ƙarya.

Da abin ya tsaya a ofis da otal, da na yi haƙuri. Ya biyo mu gida. Ka bi mutum bashi, ya ce maka yana kan furoses. Ka tambayi ɗanka ko ya je ya gaida kawunsa da ke kwance, ya ce Abba zan ba ka fidbak. Uwa ta yi wa 'yarta nasiha doguwa a waya, amsar da za ta samu ita ce noted. Maganar aure ta taso, saurayi ya ce har yanzu ana tuntuɓar masu ruwa da tsaki, yana nufin bai gaya wa mahaifinsa ba. Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa, wato Turancin da aka sa wa rigar Hausa. Za ka ji mutum ya ce zan dawo gare ka, alhali ba tafiya zai yi ba, so yake ya kashe zancen. Wani ya ce a ƙarshen rana, ba kuma magariba yake nufi ba. Wani ya ce mu kasance a shafi ɗaya, ko mu yi tunani a wajen akwati. Kakarka ta ji wannan sai ta tambaye ka wane akwatin. Muna da bakinmu ya zo ɗaya, muna da daga ƙarshe dai, muna da a sake lale, muna da a nemo wata dabara. Ba rashin kalma ya kai mu ba. Ana yi ne don a ji mutum ya shiga ofis, ya zauna da manya.

Wani zai ce, ai Bahaushe ma gwanin sakaya zance ne. Gaskiya ne. Muna cewa wane ya riga mu gidan gaskiya, muna cewa wance ta sauka lafiya, mara lafiya yana jin jiki mu ce da sauƙi. Amma duk wanda aka gaya wa haka ya gane sarai abin da ya faru. Kunya ce da kawaici, ana tausasa maganar ne saboda zuciyar mai ji. Sakayawar ofis kuwa mai faɗa take karewa, shi kuma mai ji a bar shi cikin duhu. Ina ganin illar da wannan ke yi wa tarbiyya ta fi wadda yake yi wa harshe. Yaron da ya saba cewa yana kan furoses ya koyi hanyar kauce wa cewa ban yi ba, ku yi haƙuri. Mutumin da bai iya furta wannan ba kuwa, wuyar sha'ani gare shi, a gida ko a kasuwa.

Ƙofar da abin ya fi shigowa ta nan ita ce tamu, ɗakin labarai. Sanarwa takan zo da Turanci daga ofishin jami'in hulɗa da jama'a, lokacin labarai ya matso, mai fassara ya bi ta kalma bayan kalma, mai karantawa ya karanta da murya mai daɗi, miliyoyin mutane su ji. Bayan shekara ɗaya kalmar ta zama ta kowa. Alhali gadon da aka bar mana ba haka yake ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ta riƙa bayyana wa mutane Yaƙin Duniya na Biyu da Hausar da ake karantawa a zaure kowa ya gane. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Masu fassarar waɗancan zamunna da na bayansu su suka bar mana Majalisar Ɗinkin Duniya, da jirgi mai saukar ungulu, da tauraron ɗan'adam, da hayaƙi mai sa hawaye. Sai da suka fahimci abin tukuna, sannan suka nemo yadda Bahaushe zai faɗe shi. Aikin yana cin lokaci, yana kuma bukatar mai fassara ya yarda cewa idan shi bai gane jimla ba, to mai sauraro ma ba zai gane ba. Yau muna da Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, muna da sassan nazarin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, a Nijar kuma tun 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba.

Saboda haka roƙona ga abokan aiki, editoci da masu fassara da masu gabatar da shirye-shirye: sanarwar da kuka karanta sau biyu ba ku ga abin da aka yi ko za a yi a cikinta ba, ku kira wanda ya aiko ta ya yi bayani, in ya kasa ku ajiye ta. Baƙon da ya zauna gabanku ya fara jero kyakkyawan yanayi da ci gaba mai ɗorewa, ku dakatar da shi cikin ladabi ku ce, ranka ya daɗe, a warware mana, mutanen karkara na saurare. Ku kuma shugabannin bankuna da kamfanonin waya da na wuta, ku koya wa yaranku da ke zaune gaban jama'a yadda za su yi wa dattijo bayani da harshensa, ku sa wannan cikin abin da kuke dubawa wajen ƙarin girma. Kai kuma mai sauraro, idan aka yi maka irin wannan magana a ofis, kada kunya ta sa ka gyaɗa kai ka fita. Ka ce ban gane ba, a sake faɗa mini da Hausa, a kuma rubuta mini ranar da zan dawo. Haƙƙinka ne.